Baturiya ta zauna a ƙauyen, ɗanmu ya ce ko a mafarki

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ƙanwata ta shigo gidana a Aboabo, ɗanta na biye da ita. Ita riƙe da takarda, shi riƙe da waya. Yaron ya gama jami'a a nan Kumasi, ƙasar Ghana, an tura shi hidimar ƙasa wata makarantar ƙauye can gaba da Tamale. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Yaya, kai ka daɗe a aikin gwamnati, ba za ka rasa wanda ka sani ba. Ka taimaka a dawo da shi Kumasi." Gogan naka kuma ya ɗora da cewa, "Kawu, na bincika fa. Wurin ba wuta, ba famfo, sai ka hau tudu kake samun sabis a waya."

Wannan bai dame ni ba, don duk shekara sai an zo mini da irinsa. Abin da ya ɓata mini rai ya biyo baya ne, da aka sha ruwa hira ta saki. Yaron ya miƙo mini wayarsa yana ƙyalƙyala dariya. Bidiyon wata Baturiya ne da bokiti a ka, tana tafe cikin matan ƙauye daga dam, ruwa na tsiyayo mata a fuska. Ya ce, "Kawu, ka ga 'yan wasan kwaikwayo. Duk don hoto ne. Wai su sun zo taimakonmu."

Na ce masa, "To ai wasan kwaikwayon nata ya kai ta inda takardar gwamnati ta kasa kai ka."

Uwarsa ta haɗe rai. Ni kuwa tun daga ranar maganar take cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ra'ayina bai da tsawo. Turawan da ke zuwa aikin sa-kai a ƙauyukanmu ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ke raba su shi ne zama. Akwai wanda zai zo ya share shekara biyu, ya koyi harshe, ya ci tuwon da ake ci, ya yi aiki ƙarƙashin mutanen gari. Wannan ina ganin girmansa, ko da amfanin da ya yi bai kai yadda yake zato ba. Akwai kuma mai zuwa mako biyu da kyamara. Wannan ɗan yawon buɗe ido ne, a kira shi da sunansa, a kuma nisanta shi da yaranmu da marasa lafiyarmu. Amma mu 'yan birni da muka mayar da ƙauyen nan gidan kaso, wanda sai mara gata ake turawa, ba mu da bakin yi wa na farkon dariya.

Abin da na gani da idona

Daga 2004 zuwa 2008 na koyar a wani ƙauye a ƙasar Dagombawa, a arewacin Ghana. Ba da son raina na je ba, in faɗi gaskiya. Ni ma na nemi wanda zai canza mini wuri, ban samu ba. A shekarata ta biyu aka kawo mana wata Ba'amurkiya, shekarunta ba su wuce ashirin da uku ba, wai za ta koyar da kimiyya ta kuma taimaka ta fannin lafiya.

An ba ta ɗaki guda a gidan wani dattijo, rufin kwano, taga ɗaya. Wanda ya san watan Maris a arewa ya san abin da rufin kwano ke nufi. Da rana ɗakin tanda ne, da dare sai ta fito da tabarma tsakar gida ta ɗaura gidan sauro a jikin turmi da ƙyauren ƙofa. Kayanta ke nan: bokiti biyu, fitilar ƙwai, keke, rediyo, da wata akwatin magani da ta fi ta ɗakin shan maganin yankin cika. Yara kuwa daga asuba suna maƙale a taga suna kiran "siliminga, siliminga", wato Baturiya. Ko tari ta yi, kafin azahar gari ya ji.

Wata ukun farko ba ta tsinana komai ba. Gudawa ta kama ta har ta rame, zazzaɓi ya biyo. A aji yara ba sa jin Turancinta, don ta hanci take yinsa, ita kuma ba ta jin nasu. Na taɓa tarar da ita bayan aji tana kuka saboda ta yi darasi na minti arba'in, ta tambaya ko an gane, aka amsa da "yes madam" baki ɗaya, ta ba da aiki ba wanda ya ci ko ɗaya. Na ce mata "yes madam" a nan gaisuwa ce, ba amsa ba ce.

Abin da ya fara juya lamarinta gaisuwa ce. Dagombawa ba sa wasa da ita. Da safe ka ce "dasiba", a amsa "naa", a tambayi kwana, a tambayi gida, a tambayi sanyi, kana durƙushe in babba ne, kana "naa, naa" har sai an gama. Ta koyi durƙuson. Ta koyi cewa ba a zuwa gaban sarki hannu rabbana, sai da goro. Ta koyi cewa in an yi rasuwa ajiye alli ake yi a tafi gaisuwa, ko da jarrabawa gobe ne. Sarkin ƙauyen ya raɗa mata suna irin nasu, da shi ta amsa har ta tafi. Da azumi ya zo ta gwada kwana uku, rana ta huɗu ta ce ita kam a yafe mata, tsofaffin mata suka yi ta dariya suna aika mata da koko.

Ni da nake ɗan ƙasa, Musulmi ɗan'uwansu, shekarata guda a garin ina lallaɓawa da Hausa da Turanci, ina jin ai kowa na jin Hausa a kasuwa. Sai da na ga Baturiya tana cinikin kuɓewa da Dagombanci kunya ta kama ni na fara koyo.

Ta yi kuskure, kuma da mu aka yi shi. Ta ce za ta rubuta wa mutanen garinsu su tara kuɗi a sayo wa makaranta kwamfutoci. Garin ba wuta. Mun san haka, shugaban makaranta ya sani, sarki ya sani. Ba wanda ya ce mata a'a, don a wurinmu ba a mayar da kyautar baƙo, kuma kowa na tunanin ko ba komai za a ga makarantarmu da kwamfuta. Aka kawo guda huɗu da ɗan janareta. Man wata biyu aka iya saya. Lokacin da na bar garin suna lulluɓe da zani a ofishin shugaban makaranta, ɓeraye sun cinye wayoyin. Da an tambayi matan garin, da sun ce a gyara famfon burtsatsen da ya shekara a lalace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya buɗe baki ya faɗa.

Inda ta yi amfani shi ne yaƙi da kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah Ya raba su da saninsa. Mutum zai sha ruwan dam mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari, sai bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi ƙurji mai zafi kamar wuta, tsutsa fara ta leƙo, tsawonta kan kai mita guda. Ba allura, ba ƙwaya. Sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, kullum, har makonni. In mai ciwon ya tsoma ƙafar a dam don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, shekara mai zuwa wasu su kwanta. A ajina an yi lokacin da benci uku babu kowa saboda shi.

Maganinsa a tace ruwa da ƙyalle, a hana mai ciwo shiga dam, a zuba maganin kashe ƙwarin, a kai rahoton duk wanda ya kamu. Aiki ne na naci, ba na ilimi mai zurfi ba. Ita da wani manomi ɗan garin, wanda shi ma sa-kai yake yi ba albashi, suna zaune bakin dam tun sanyin safiya suna duba ƙyallen kowace mace ko ya huje. A 1989, da aka ƙirga, Ghana na da masu kurkunu kusan 180,000. A 2007 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da kansa ya zo garin Savelugu, kusa da Tamale, ya ga yara na kuka ana ja musu tsutsa. A 2010 mutum takwas kacal aka samu a duk ƙasar, kuma daga watan Mayun shekarar ba a sake gani ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa mun rabu da shi.

Ba Baturiyar ce ta kori kurkunu ba. Dubban irin manomin nan ne, waɗanda ladansu bai wuce riga mai rubutu ba, wani lokaci keke. Ita hannu ɗaya ce cikin hannuwa. Amma tana wurin, a bakin dam, ƙarfe shida na safe, lokacin da ni nake lissafin kwanakin da suka rage a yi hutu in gudo Kumasi.

Akwai wani amfanin nata da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Takardar neman gyaran famfon nan sau uku ina kai ta wani ofishi da ƙafata, ana ce mini oga ya fita. Ranar da ta raka ni, aka ba mu kujera, aka kawo ruwan sanyi, oga ya fito da kansa. Cikin wata guda aka gyara. Takarda ɗaya, magana ɗaya. Wannan ba laifinta ba ne, ciwonmu ne.

"Ai don kansu suke zuwa"

Wannan ita ce maganar farko da ake jefo mini, kuma gaskiya ce. Suna samun abin rubutawa a takardar neman aiki, wasu su samu sauƙin shiga babbar makaranta, wasu kawai sun gaji da garinsu ne suna son ganin duniya. Ita wannan da na sani ba ta taɓa ɓoye cewa tana son karatun lafiyar al'umma in ta koma ba.

To sai me? Mu 'yan zango mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Kakanninmu ba don Allah kaɗai suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato suka keto daji zuwa Salaga da Kumasi ba. Goro ya kawo su. Amma a cikin ayarin nan malamai suka zo, allo ya zo, masallaci ya tashi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna Salaga yana karantarwa, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete Krachi, a can ya rasu a 1934, almajiransa suka bazu a zangunan ƙasar nan. Baƙo ne. Abin da ya sa ake tuna shi, ya zauna. Mutum ya ci riba a tafiyarsa ba aibu ba ne. Abin tambaya shi ne wa ya biya kuɗin ribar, kuma me aka bar wa masu masauki.

"'Yan leƙen asiri ne"

Wannan zargin ya girme ni. Ghana ce ƙasar farko a duniya da ta karɓi 'yan Peace Corps, wato shirin gwamnatin Amurka na tura 'yan sa-kai ƙasashen waje. A ƙarshen watan Agustan 1961 su kimanin 50 suka sauka a filin jirgin Accra, malaman makaranta, suka tsaya suka rera waƙa da Tonanci, wato harshen Twi. Nkrumah ne ya karɓe su don yana buɗe makarantun sakandare ba shi da isassun malamai. Shi ɗin dai, a littafin da ya fitar a 1965, ya lissafa su cikin kayan aikin sabon mulkin mallaka. Ingila ta riga su da nata irin shirin, VSO, tun 1958, Japan ta biyo baya da nata.

Ba na musun cewa gwamnatin da ta ɗauki nauyin matasanta ta turo su tana neman suna da farin jini ne. Ruwa ba ya tsami banza. Amma asirin da za a leƙa a ƙauyen da na zauna, in ba yawan zabin sarki ba, ban ga shi ba. Tsoron da ya fi kama hankali a wurinmu shi ne na masu fakewa da taimako su yi wa'azin addininsu ga yara. Suna nan, na gamu da su. Maganinsu tambaya tun a ƙofa: wa ya turo ka, me ka zo yi? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

"Talaucinsu na aro ne"

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma nan ɗan ƙanwata yake da gaskiyar da ba zan danne masa ba.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da Baturiyar nan sosai, kafin magariba mota ta iso daga Tamale, washegari tana Accra gaban likita. A watan nan ɗin, matar maƙwabcina ta yi doguwar naƙuda, a bayan babur aka ɗauke ta, an ɗaure ta da zani a jikin mai tuƙi, cikin dare, a hanyar da ruwa ya cinye. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Rijiya ɗaya suke sha, tuwo ɗaya suke ci, amma ɗaya tana da ƙofar fita, ɗaya ba ta da ita. A watan Maris na 2020, da korona ta ɓarke, Peace Corps ta kwashe mutanenta kaf daga duk duniya, su wajen 7,000, cikin 'yan kwanaki. Ba na ganin laifinsu, kowace uwa ɗanta take fara ɗauka. Amma ya nuna iyakar abin. Baƙo raɓa ne.

Ɗan hidimar ƙasa kuwa, wa zai turo masa mota? Tun 1973 ake wannan tsari a Ghana. Alawus ɗin da aka ɗaga daga sidi 559 zuwa 715 a 2023, kowa ya san yadda yake makara, a yi wata biyu uku ana jira. Ba wanda ya tanadar masa ɗaki, ba wanda ya ba shi horon harshe na wata uku kafin ya tafi, ba likitan da zai kira da tsakar dare. Ita an shirya ta, an raka ta, ana bibiyarta. Shi an miƙa masa takarda an ce Allah Ya kiyaye hanya. In ya koma gida, ita za a ce ta yi jarumta, shi za a ce ba shi da kowa ne shi ya sa aka jefa shi daji.

Duk na yarda. Inda muka rabu shi ne abin da ya kamata a yi da wannan gaskiyar. Mu abin da muke yi, kowa ya nemi nasa mutumin a ofis ya zare ɗansa. Sai ya zama mai kawu ya dawo Kumasi yana zaune a wani ofishi yana sayo wa oga waake da rana, mara kawu ya tafi da baƙin ciki, ko ya je ya sa hannu ya gudo. Ajin kuma yana nan ba malami. Da ƙarfin da muke kashewa wajen canza takarda mun haɗa shi wajen matsa wa 'yan majalisarmu a biya alawus kan kari, a gina wa malamai ɗaki a ƙauye, a ƙara wa wanda ya yarda ya tafi nesa wani abu a kan na wanda ya zauna birni, da yanzu an wuce nan. Haka likitoci: galibinsu suna Accra da Kumasi, shekara da shekaru likitocin Kyuba ne ke riƙe da wasu asibitocin arewa. Mutum ya taso daga Havana ya zauna, ɗan Tamale ya ce nisa.

Kuma kada mu ɗauka abin bai shafe mu ba. Ka fita kasuwar Kejetia da safe ka dubi 'yan matan da ke ɗauke da kwanon kaya a ka, waɗanda muke kira kayayo, masu kwana a barandar shaguna. Ka tambaye su garinsu. Da yawansu daga irin ƙauyukan nan suke, daga irin ajin da malami bai zo ba. Ajin da ɗanmu ya ƙi shiga, ɗalibarsa ce za ta ɗauko wa uwarsa doya daga kasuwa a kan sidi biyar, har a yi mata ciniki.

Masu mako biyu

Su kam ba zan kare su ba, kuma a nan dariyar yaron tana da wurin zama.

Waɗannan ba gwamnati ke turo su ba. Kamfani suke biya, kuɗi mai yawa, a haɗa musu tafiya: kwana goma a gidan marayu ko makaranta, kwana biyu a ga giwaye a gandun dajin Mole, kwana biyu a bakin teku a Cape Coast. Za ka gan su sun shafa wa aji fenti, alhali mai fentin garin yana zaune ba aiki, kuma kuɗin jirgin mutum ɗaya cikinsu zai biya shi ya fente makarantar duka har da ta maƙwabta. Na ga bangon da irinsu suka gina da rana, birkila ya rushe ya sake da yamma bayan sun tafi masauki, don kada ya faɗo wa yara. Na ji ungozoma tana ba da labarin yarinyar da ko jami'a ba ta shiga ba, an sa mata farar riga an shigar da ita ɗakin haihuwa tana kallo, har tana neman a bar ta ta gwada. A garinsu ko ƙofar ɗakin ba za a bari ta taɓa ba.

Mafi muni gidajen marayu. Hukumar jin daɗin jama'a ta ƙasar nan da kanta ta sha faɗin cewa mafi yawan yaran da ke irin gidajen nan suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, wani lokaci kuma zuwa ake yi ƙauye a yi wa iyaye alkawarin makaranta a kwaso su, don gidan da ba yara ba ya samun baƙi, gidan da ba baƙi ba ya samun dala. Yaro ya saba da wata, ta rungume shi kwana goma, ta yi kuka ta tafi, wata ta zo. A shekara sau nawa ke nan? Ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya shiga gidajen yara da ɓoyayyiyar kyamara a 2010 da 2015, abin da ya fito da shi ya girgiza ƙasa. A 2018 Ostireliya ta kai ga ɗaukar safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani. Mu da muke da al'adar riƙo, inda ɗan ƙaninka ɗanka ne, ban san yaushe muka yarda cewa maraya sai an tara shi a gida guda an buɗe wa baƙi ƙofa ba.

Sai hoto. Wannan ma ba sabo ba ne. A watan Oktoban 1961 a Ibadan, wata 'yar Peace Corps ta rubuta wa saurayinta kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗi, ɗalibi ya tsinta, aka kwafa aka raba a jami'a, zanga-zanga ta tashi, sai da mai katin ta bar Najeriya. Kati ɗaya ke nan, mutum ɗaya aka rubuta wa. Yau hoton yaro da majina a hanci da yagaggiyar riga zai zaga Instagram kafin a kira isha, ba a tambayi uwarsa ba, ba a ma san sunansa ba. Ka juya abin: ni in je wata makarantar yara a Jamus ko Amurka in ɗauki ɗan wani in rungume in yi hoto. Kafin in sauke waya 'yan sanda sun iso. Wannan ma in na samu biza ke nan, bayan na biya dala 185 a ofishin jakadanci an ce in dawo wani lokaci.

Amma su wa ke buɗe musu ƙofa? Mai gidan marayun ɗan ƙasa ne. Mai haɗa tafiyar a nan ɗan ƙasa ne. Shugaban makarantar da ke tsayar da darasi ya jera yara a rana su yi wa baƙi rawa ɗan ƙasa ne. Na taɓa yi, ni ma, da bulala a hannu ina gyara layi.

Abin da nake so daga sarakunan ƙauye da 'yan majalisar gunduma da shugabannin makarantu bai fi ƙarfinsu ba. In an ce ga baƙo zai zo taimako, a tambaya wata nawa zai yi, me ya iya wanda takarda ta tabbatar, a ƙarƙashin wa zai yi aiki. A ƙarƙashi na ce, ba a gefe ba. In amsar mako biyu ce, a yi masa maraba, a kai shi ya ga kasuwa da masaƙa da inda ake man kaɗe, ya saya ya biya, ya sauka a gidan baƙi ya biya, ya tafi da mutuncinsa mu zauna da namu. Wannan ciniki ne mai tsabta, ya fi taimakon ƙarya.

Sa-kai kuma ba Bature ya kawo mana shi ba. Gayya muka gada. Najeriya tun 1987 take tura nata ƙwararrun wasu ƙasashen Afirka da Karibiyan su yi shekara biyu. A zangunanmu na Kumasi kuɗi muke tarawa mu gina masallaci a ƙauyen da ba mu taɓa kwana ba, mu je buɗewa da manyan motoci, mu ci shinkafa mu dawo kafin magariba. In ka koma bayan shekara, ginin na nan, mai koya wa yara alif da ba babu. Mu ma ashe muna da namu masu mako biyun, har ba su kai mako biyun ba.

Na gaya wa ƙanwata ba zan kira kowa ba. Ta ce, "Yaya, in wani abu ya same shi a dajin nan, kai ne." Ta ja mayafinta ta fita. Ranar Juma'a ba a aiko mini da tuwon da aka saba aikowa ba, kuma na ji tana neman wani ta wajen dangin mijinta.

Shi yaron ya dawo shi kaɗai daren Talata, wai ya zo karɓar cajar da ya manta. Ya zauna yana jujjuya waya, can ya ce, "Kawu, ita Baturiyar taku, da ta tafi ta sake dawowa?" Na ce sau ɗaya, bayan shekara shida, da mijinta, ta sauka a ɗakinta na da. Dattijon gidan ya rasu, ta je kabarinsa. Ya yi shiru. Ya ce, "Da safe me ka ce ake cewa?" Na ce dasiba. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba, na gyara masa. Na ɗauko masa tsohon gidan saurona daga saman kabad, ya karɓa ya duba, ya ce ya huje ta wuri biyu.